Tsarabar Iyalin Malam Bitrus

Alhaji Labaran bai taɓa tambayar sunan matar wani ba. Shekararsa talatin da ɗaya yana fatauci, goma sha biyu daga ciki a unguwar Deira ta Dubai, kuma duk wanda suka gaisa, Bahaushe ne ko Ba'indiye ko Bature, tambaya ɗaya yake masa: ya iyali? Idan an ce lafiya, magana ta ƙare. Abin da ke bayan labulen gidan wani ba huruminsa ba ne.

Amma ba ya barin baƙo ya koma gida hannu rabbana. Duk watan Fabrairu, lokacin babban baje kolin kayan abinci, wani Baturen Holan mai suna Pieter yakan zo Dubai su zauna kan zoɓo da cittar da Alhaji ke tura masa daga Kano. Alhaji yana kiransa Malam Bitrus. Kuma duk shekara, ranar da Malam Bitrus zai tafi, akwai leshi ɗan Suwis da Alhaji ya zaɓa da kansa, a naɗe cikin leda, tsarabar Madam.

Wadda ke kai ledar otal ita ce Muhsinat, 'yar ƙanwarsa. Ta karanta Turanci a jami'a a Kano, ya kawo ta a farkon 2016 don ta riƙe masa wasiƙun ofis. Turancin Alhaji yana isarsa farashi da nauyi da ranar tashin jirgi. Duk abin da ya wuce nan, Muhsinat ce bakinsa, ita ce kunnensa. Bizarta tana ƙarƙashin kamfaninsa, kuma mahaifiyarta ta yarda ta zo ne da sharaɗi ɗaya: ranar da Kawu ya ce bai gamsu da ita ba, ta kamo jirgin Kano.

Makonta shida da fara aiki leshin farko ya tafi. Bayan kwana goma wasiƙar godiya ta iso, da hoto. Leshin yana shimfiɗe a kan teburin cin abinci, an ɗora masa tulun furanni. A ƙasan wasiƙar Pieter ya rubuta cewa mijinsa, Ruben, ya ce bai taɓa ganin mayafin tebur mai kyau irin wannan ba.

Muhsinat ta karanta layin sau uku. Ta tuna wani dillalin citta da Kawu ya sallama a watan jiya saboda ya shigo ofis yana warin giya. Ta tuna cewa cinikin zoɓon sabo ne, ita ma sabuwa ce.

"Me ya ce?" in ji Alhaji daga teburinsa.

"Ya ce iyalinsa sun gode. Sun ce ba su taɓa ganin mai kyau irinsa ba."

"Ai na san za ta so shi. Matan Turawa ba su samun irinsa."

Shekara ta zagayo, Alhaji ya sake zaɓar leshi. Muhsinat ta kai shi ɗakinta a unguwar Hor Al Anz, ta saka a akwati, ta biya kasuwar Naif ta sayi hula shuɗiya da albashinta, ta kai otal da sunan Kawu. Haka ta yi a 2018. Haka ta yi a 2019. Kowace shekara tana cewa bana za ta faɗa masa, kowace shekara maganar tana ƙara nauyi.

A Fabrairun 2020 Pieter ya rubuto cewa Ruben yana da taron kwana biyu a ofishin jakadancin ƙasarsu, don haka tare za su zo, kuma yana son ya gode wa Alhaji baki da baki.

"Zai zo da iyalinsa," in ji Muhsinat.

Alhaji ya ajiye waya. "Madam da kanta? Masha Allah!"

Ya sa aka kama musu wuri a wani gidan cin mandi, shinkafa da nama irin ta 'yan Yaman, da ke bayan titin Baniyas, a sashen iyali mai labule, tunda da mace. Ya kira matarsa Hajiya Asama'u a Kano, ta aiko da turaren wuta ta hannun wani fasinja. Ya ce da Muhsinat bayan an ci abinci ta kai Madam kasuwar zinariya, kada ta bari a cuce ta.

Da safiyar ranar ta tsaya a gaban teburinsa.

"Kawu, akwai wata magana."

"Ta kwantena ce?"

"A'a."

"To ta jira mu ci abinci. Yalla, maza ɗauko ledar."

Sun riga baƙin isa da minti goma. Alhaji ya zauna a kan darduma ya jingina da matashi, leda a gefensa. Ƙarfe ɗaya daidai sabis mai kawo abinci ya ɗaga labule, Pieter ya sunkuyo da tsawonsa ya shigo. Bayansa wani mutum ne gajere, mai furfura a gemu, sanye da kwat. A kansa akwai hula shuɗiya, ya kifa ta tsaye kamar murfin tukunya.

"Malam Bitrus! Ya hanya? Ya iyali?"

Suka rungume juna. Alhaji ya ba ɗaya mutumin hannu, ya yaba hular da ido, sannan ya leƙa bayansu. Sabis ya saki labule.

"Tambaye shi, Madam ta tsaya a otal ne? Ko gajiya?"

Muhsinat ba ta juya ga Pieter ba. Ta dubi darduma.

"Kawu, babu Madam."

"Ba ta zo ba?"

"Babu ita. Wannan shi ne. Sunansa Ruben. A ƙasarsu doka ta yarda da auren jinsi, shekararsu goma sha ɗaya da aure."

Alhaji ya koma ya zauna. Baƙin sun riga sun zauna, suna fama da naɗe ƙafafu, suna murmushin mutanen da ake magana a gabansu da harshen da ba su ji. Sabis ya shigo ya shimfiɗa leda, ya dire faranti babba, shinkafa da kafaɗar rago, ya jera miyar tumatir mai yaji, ya fita.

"Tun yaushe kika sani?" Muryar Alhaji ba ta tashi ba.

"Tun leshin farko."

"Shi leshin, me aka yi da shi?"

"Sun shimfiɗa a teburin cin abinci."

"Ɗan Suwis ɗin?"

"Eh, Kawu."

"Sauran ukun fa?"

"Suna cikin akwatina. Ko ledarsu ban cire ba."

"To wannan hular daga ina?"

"Ni nake saya. Ina kaiwa da sunanka."

Ruben ya ji an ambaci wani abu an dubi kansa, sai ya ɗauka lokacinsa ya yi. Ya gyara zama ya fara magana a hankali, yana tsayawa bayan kowace jimla kamar wanda ya saba da tafinta. Alhaji ya ɗaga yatsa.

"Faɗa min yadda ya faɗa. Kada ki rage, kada ki ƙara."

Ta faɗa. Ruben ma'aikaci ne a ma'aikatar harkokin wajen ƙasarsu, sashen haƙƙin ɗan Adam. Sau uku a shekara yana zuwa Geneva taron Majalisar Ɗinkin Duniya, inda wakilan ƙasashe ke kwana uku suna jayayya a kan sakin layi ɗaya. Wakilan Afirka suna ce masa abin da yake karewa baƙon abu ne, mutanensu ba za su taɓa zama inuwa ɗaya da irinsa ba. Sau biyu, wajen shan shayi bayan zama, ya ba su labarin wani ɗan kasuwa Musulmi daga Kano, wanda ya san irin auren da Ruben ɗin yake ciki, amma duk shekara yana aiko masa da hula. Sau ɗaya ma ya je da hular.

"Geneva," in ji Alhaji. "Ya faɗi sunana?"

Ta tambaya. Ruben ya girgiza kai da ƙarfi. Bai faɗi suna ba, bai faɗi kamfani ba.

"Alhamdu lillahi. To yanzu juya ki gaya musu abin da kika gaya min."

Wannan ya fi na farko wuya. Ta faɗa da Turanci, a taƙaice, kamar tana karanta takardar kaya: Alhaji bai sani ba sai minti biyar da suka wuce, leshi yake bayarwa don mace, ita ce ke musanyawa. Pieter ya yi ja har kunne. Ya dubi labule, ya dubi takalmansa da ke bakin darduma. Ruben ya sa hannu biyu ya cire hular, ya riƙe ta a cinya.

"Ce masa ya ba ni in gani."

Ruben ya miƙa. Alhaji ya juya hular, ya kifa cikinta waje, ya kai ta kusa da ido, ya bi zaren da farce. A nan ne fuskarsa ta sauya.

"Ta inji ce."

"Kawu..."

"Ta inji ce, Muhsinat! Irin ta dirhami goma sha biyar da ake zubawa a kwando. Wannan kika aika da sunana? Shekara uku? Har Geneva?"

"Ita albashina ya iya."

"Da kin tambaye ni ai da..." Ya tsaya, don ya ga inda maganar za ta kai shi. Ya mayar wa Ruben hular. "Ce masa ya sa. Abinci yana hucewa. Bismillah."

Suka sa hannu. Pieter ya san yadda ake dunƙula shinkafa, Ruben bai sani ba, rabi yana zubewa kafin ya kai baki. Alhaji ya yagi tsoka mai laushi ya tura gabansa ba tare da ya dube shi ba, yadda yake yi wa kowane baƙo.

Bayan loma kaɗan Ruben ya yi tambaya. Da Alhaji ya sani tun farko, da zai aiko da wani abu?

"Leshi dai da ban aika ba." Alhaji ya goge hannu. "Ki faɗa masa wannan daidai. Addinina bai yarda da abin da suke kai ba. Ni ma ban yarda ba, gobe ma ba zan yarda ba. Kada ya koma ya ce wani Alhaji a Kano ya sa masa hannu."

Ta faɗa daidai. Ruben ya gyaɗa kai. Ya ce wannan maganar yana jin ta sau uku a shekara, sai dai a Geneva tana cin shafi tara kuma ba a haɗa ta da rago. Ya ce shi ma zai faɗi tasa daidai: dokar Najeriya ta tanadi ɗaurin shekara goma sha huɗu a kan abin da shi aka rubuta masa a rajistar garinsu aka ba shi takarda, kuma zai ci gaba da cewa hakan ba daidai ba ne, a gaban duk wanda ya zauna da shi.

"Ya faɗa, na ji," in ji Alhaji. "Ya ci nama."

Pieter ne ya kawo maganar takardar auren. Ya ce a garinsu Rotterdam ma'aurata ne, amma da jirgi ya sauka a nan takardar ta zama farar takarda. Ɗaki biyu suka kama a otal. A fom ɗin shiga kowa ya cika nasa kamar ba su san juna ba. Idan yau shi Pieter ya faɗi a titi aka kai shi asibiti, babu likitan da doka ta ɗora wa ya nemi Ruben.

Wannan Alhaji ya gane shi tun kafin ta gama fassarawa. Ya taɓa ganin kwantenar riɗi da takardunta suka cika a Legas, ta isa wata tashar aka ce ba a san hatimin ba, ta yi wata biyu a rana.

"Takarda iyakarta tashar da ta san hatiminta," ya ce. "Ki gaya masa, idan Malam Bitrus ya faɗi a garin nan, katina ne a aljihunsa, ni za a kira. Ni kuma na san wanda zan kira. Khalas, shi ke nan. Allah Ya kiyaye ma."

Ruben ya ajiye lomar da ke hannunsa. Sannan ya ce abin da ya dame shi yanzu shi ne ya ba jakadu labarin da ba gaskiya ba, har sau biyu.

Alhaji ya yi dariyar farko tun da aka ɗaga labule. "Ka ga 'yar nan? Ta yi min ƙarya, ta yi maka, ta haɗa da Majalisar Ɗinkin Duniya. A danginmu ba a taɓa yin wanda ya kai nan ba."

"In fassara, Kawu?"

"Fassara mana. Ai aikinki ne. Yau dai."

Wannan "yau dai" ɗin ta tsaya mata a rai har aka kawo shayi.

Da za a tashi, Pieter ya nuna ledar da ke gefen matashi. Alhaji ya buɗe, ya ciro kwalbar turaren wuta ya miƙa masa. Turare na gida ne, in ji shi, ba ruwansa da wanda ke cikin gidan. Ruben ya hango leshin, mai ruwan zuma da zare mai ƙyalli, ya ce na teburinsu kofi ya ɓata shi a bara, ko za a...

"A'a," in ji Alhaji da Turanci, ba tare da tafinta ba. Ya ƙulle ledar ya saƙale a hammata.

A bakin ƙofar gidan abincin suka yi kiciɓis da Maharazu, mai ofishin jigilar kaya da ke maƙwabtaka da na Alhaji. Duk labarin da ya shiga kunnen Maharazu da azahar, kafin la'asar ya isa Kantin Kwari. A garin da suke kuma, magana irin wannan ba ta tsaya a tsegumi ba, tana iya kai mutum gaban hukuma.

"Alhajin Allah! Habibi! An ci daɗi ba a neme mu ba. A'a, Malam Bitrus, sannu da zuwa." Ya juya ga Ruben, ya dube shi sama da ƙasa. "Wannan fa? Sabon kwastoma ne? Ko za a raba mana?"

"Baƙona ne," in ji Alhaji.

"Daga ina?"

"Daga inda baƙi ke zuwa. Kwantenarka ta fito?"

"Kai dai bari, shwayya shwayya, a hankali dai." Maharazu ya sake kallon kan Ruben, ya kama baki. "Amma Alhaji, kai da kanka? Baƙonka da hular inji? Kasuwa ce ta yi zafi haka?"

Ya wuce ciki yana dariya. Alhaji ya tsaya a rana, leda a hammata, har baƙin suka shiga tasi.

Ofis tafiyar minti bakwai ce. Sun bi ta layin masu sayar da wayoyi, sun kauce wa masu tura amalanke. Sai da suka hau bene ya kunna fanka ya zauna, ita tana tsaye.

"Kawu, in haɗa kayana?"

"Kin ji abin da na gaya wa Maharazu?"

"Na ji."

"Ƙarya na yi masa?"

"A'a."

"Na tona wani?"

"A'a."

"To. Shekara huɗu kina jami'a ba a koya miki wannan ba." Ya jawo aljihun tebur na ƙasa. "Kin ɗauka idan na ji zan kori mutumin da bai taɓa rage min kilo ɗaya ba. Wataƙila da na yi. Ban sani ba. Amma ni ya kamata in yi ko in bari, ba ke ba. Kin mayar da ni yaro, kin zaɓar min abin da kunnena zai iya ɗauka."

"Na yi kuskure, Kawu. Ka yafe ni."

"Daga yau kowace wasiƙa za ki karanta min ita tun daga sallama har sa hannu. Har abin da ake maƙalawa a ƙasa. Ranar da na sake jin kin tace min magana, ba sai kin tambaye ni zancen kaya ba."

"In sha Allah ba za a sake ba."

"Gobe ki kawo leshi ukun nan. Da wannan huɗu. Uwarki da Hajiya su raba, su ne suka san darajarsa."

Daga aljihun ya ciro wani ƙunshi a farar takarda. Huluna uku ne a ciki, zanna bukar, ɗinkin hannu daga Maiduguri, waɗanda yake ajiyewa don manyan baƙi. Ya jera su, ya ɗaga ta tsakiya, mai ruwan toka da baƙin zare.

"Kan Ruben ɗin inci ashirin da uku ne. Waccan da kika saya ma ta yi masa kaɗan." Ya tura mata hular da katin kamfani. "Jirginsu sai jibi. Ki kai otal yau. Rubuta."

Ta ɗauki biro.

"Daga Labaran zuwa ga baƙonsa. Maganata tana nan yadda na faɗa. Wannan ita ce hula ta farko da na ba ka."

Ta rubuta, ta karanta masa da Turanci, ta sake mayar masa da Hausa kalma bayan kalma.

"Shi ke nan, Kawu?"

Ya yi tunani.

"Ƙara a ƙasa. A ɗan karkata ta hagu, ba a kifa ta kamar murfi. Kuma kada ya kai ta Geneva."